Mai kiwo, kada ka ɗaura inji a kan layin ruwan unguwa



Unguwanni da dama yanzu ana gyaran ruwa. Wani wurin hukumar ruwa ce ke canza tsofaffin bututu, wani wurin kuma jama'a ne suka yi karo-karo suka haƙa burtsatse mai sola da babban tanki. Abin farin ciki ne. Amma da ruwa ya fara zuwa, abin da wasunmu ke fara yi shi ne sayen inji su ɗaura shi kai tsaye a kan layin da ya shigo gida, wai don ruwa ya yi ƙarfi. Ni a ganina wannan cutar maƙwabta ne, kuma cutar kai ne. Mai kiwo ya tara ruwa tukuna, sannan ya nemi ƙarfinsa daga tsayin tanki.

Mu fara da lissafi. Kazar ƙwai ɗaya na shan kusan kwatar lita a rana. Kaji 500 lita 125 ke nan, kuma a zafin Maris da Afrilu abin kan kusan ninkawa. Wannan ma mai sauƙi ne. Tankin tamfol na tarwaɗa mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, da zurfin ruwa mita 1, lita 9,000 yake ci. In ka canza kashi ɗaya cikin uku kawai, lita 3,000 ta tafi, wato jarka 120 mai lita 25. Wane gida ne a layinku ke shan haka a wuni guda? To ka ga kai ba kamar sauran masu famfo ba ne.

Layin unguwa guda ɗaya ne, ruwan da ke cikinsa ake rabawa. In injinka ya fara ja, gidajen da ke gaba da kai da waɗanda ke kan tudu sai famfonsu ya koma fitar da iska. Su ma sai su sayo nasu injin, a wayi gari kowa na ja, ba mai samu. Abin da ya fi wannan muni, jan da inji ke yi na sa bututu ya riƙa tsotsa daga waje. Duk inda ya tsage, musamman inda ya ratsa ta kwata, ƙazanta za ta shiga. Ruwan nan shi za ka ba 'yan tsakinka, shi 'ya'yanka za su sha.

Wani zai ce, "Malam, ruwan nan da ƙyar yake zuwa, in ban sa inji ba ba zai hau tankina ba." Gaskiya ne ba zai hau ba. Amma maganinsa tankin ƙasa. Ka ajiye tanki ko ka gina ma'ajiya a ƙasa, layin unguwa ya riƙa zuba a ciki da kansa, da bawul mai ƙwallo da zai rufe in ya cika. Daga nan ne injinka zai ɗauka ya kai sama. Ko siririn ruwa ne, in yana ba da lita 5 a minti ɗaya, cikin awa 6 na dare ka tara lita 1,800 ba tare da ka tare wa kowa ba.

Sai maganar ƙarfin ruwa a cikin gida. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi, tsayi ne ke ƙarawa. Tankin lita 500 da ke sama mita 6 ya fi na lita 5,000 da ke mita 2 turo ruwa. Abu na biyu shi ne faɗin bututu. Bakin bututun inci ɗaya ya ninka na rabin inci kusan sau huɗu, don haka in za ka ja layi mai nisa zuwa tankunan kifi, kada falamba ya sa maka rabin inci don ya fi araha. Kowace kwana da aka ƙara ma tana rage gudun ruwa. Kuma ka tuna lita 1,000 nauyin tan ɗaya ce. Ƙarfen da zai ɗauki tanki ba wurin tsimi ba ne.

Kaji kuwa ba sa son ƙarfi. Mashayar nipul tana aiki ne da ɗan matsi kaɗan, wanda bai kai na tsayin rabin mita ba. In ka haɗa ta kai tsaye da tankin sama, ko dai ta riƙa ɗiga ta jiƙa diddigar katako, ko ta yi wa 'yan tsaki tauri su kasa sha. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ita ke kawo warin amoniya da cutar kashin jini. Sa regileta, ko ƙaramin tanki a cikin ɗakin daidai tsayin da ake so. Shi kuma baƙin tankin da ke sama a yi masa inuwa, don kaza na rage shan ruwa in ya yi zafi, in ta rage sha kuma ta rage ci.

Akwai abin lura a makon da aka gama gyara. Ruwan farko kan zo da laka, kuma sau da yawa ana wanke sabon layi da kulorin mai yawa. Bar shi ya zuba har ya washe kafin ya shiga tankinka. Ko bayan nan, ruwan hukuma, irin wanda ke fitowa daga matatun Tamburawa da Challawa a Kano, tataccen ruwa ne mai kulorin. Ga ɗan Adam alheri ne, ga kifi guba ne, kuma yana kashe rigakafin da ake bayarwa a ruwan sha kamar Lasota da Gumboro. Bari ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin ka zuba wa kifi. Wannan ma wani dalili ne na mallakar tankin ƙasa. Sannan sabon layi ya fi tsoho ƙarfi, musamman da dare lokacin da kowa ya rufe famfo. Tsofaffin mahaɗai a lokacin suke fashewa. Sa makulli a bakin shigowar gidanka, ka duba kowace mahaɗa.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son ji. In ana taron unguwa kan ruwa, mai kiwo ya kamata ya fara isa. Ka faɗi yawan ruwan da kake sha tun kafin a zaɓi girman sumo da tanki, don kada a yi lissafin gidaje a manta da kifinka. In gida na biyan kaso ɗaya, kai ka biya fiye, ko ka nemi a sa maka mita. Ka yarda a ba ka lokacin ɗiba na dabam, kamar dare ko lokacin da mutane ba sa buƙata. Ruwan da ka zubar daga tankin kifi kuma kada ya bi lungu, a juya shi ga ayaba, zogale ko alayyafo, ai taki ne.

Kiwo a cikin gari da haƙurin maƙwabta yake tafiya. Suna jure wari da kukan kaji da ƙarar janareta. Ranar da suka gane kai ne ke shanye musu ruwa, ƙara za ta kai gaban mai unguwa, kuma ba wanda zai tsaya maka. Kuɗin tankin ƙasa bai kai asarar tashi daga wurin da ka riga ka gina ba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta.