Mai Zangon Tor, Sai Haƙuri

Tor wata hanya ce ta intanet da ke ɓatar da sawun mai bin ta, an fito da ita a shekarar 2002. Kowane saƙo sai ya yada zango a kwamfutoci uku kafin ya isa, kamar ayarin fatake. Dubban 'yan sa kai ne ke riƙe da zangunan nan, kuma da su ne 'yan jarida da mutanen da aka toshe wa kafofin labari suka dogara.

Sau da yawa mutum yakan kafa sabon zango, in ya ga saƙonni ba su zuwa sai ya yi zuciya ya rufe. Wannan garaje ne. A kwana uku na farko ba a gama auna ƙarfin zangon ba, don haka kaɗan ake turo masa. Bayan kamar kwana takwas, in aka ba shi matsayin ƙofar shiga, aikin yakan ragu tukuna, sa'an nan ya riƙa hauhawa har wajen wata biyu.

In nawar ta zarce haka, to, a bincika gida. Agogon kwamfutar daidai yake? An ƙayyade mata yawan layukan da za ta buɗe a lokaci guda? Ƙaramar na'urar intanet ta gida kuwa takan shaƙe in layuka dubbai suka taru mata.

Duk zangon da aka rufe, nauyinsa kan sauran yake komawa.