Famfon Kankare: Sauri Kan Haifi Nawa

A manyan wuraren gini na Legas, Abuja da Fatakwal, motar famfon kankare mai dogon hannu ta soma maye gurbin leburori masu ɗaukar kwano a ka. Injunan Putzmeister da Schwing da Sany na kammala zubin dakin a cikin sa'o'i, aikin da a da yakan ci yini guda har da dare. Wannan ci gaba ne, kuma muna maraba da shi. Sai dai da yake haya ake biya, 'yan kwangila da yawa suna ganin lokacin girke motar a matsayin asara. A ra'ayinmu, nan ne kuskuren yake.

Kubik mita ɗaya ta kankare tana da nauyin kilo 2,400. Idan hannun famfo mai tsawon mita 36 ya miƙe gefe guda cike da kankare, yawancin nauyin motar yakan koma kan ƙafa ɗaya. In ƙafar ta hau ƙasar da damina ta jiƙa, ko kan rufaffen ramin salga, motar na iya kifewa. Saboda haka wajibi ne a buɗe ƙafafun nan gaba ɗaya, a shimfiɗa musu katako mai kauri ko farantin ƙarfe, a kuma ja baya daga bakin rami aƙalla gwargwadon zurfinsa.

Haɗari na biyu shi ne wayar lantarki. Layukan da ke ɗauke da bolt 11,000 da 33,000 suna ratsa unguwanninmu, kuma wuta na iya tsallakowa ko da hannun bai taɓa waya ba. Masana aikin suna ba da shawarar tazarar mita 6, tare da ajiye mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai sa ido.

Na uku, bututun kansa. Matsin da ke cikinsa na iya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 30. Bututun da ya side, ko mahaɗin da ba a sa masa fil ba, yakan fashe. Iskar da ta maƙale a ciki kuwa takan sa tiyon ƙarshe ya yi bulala, ya kayar da mai riƙe da shi. Don haka kada a kwance bututun da ya toshe sai an rage matsin.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun hukumar NSITF, amma diyya ba ta mayar da rai, ba ta kuma biyan watannin da aiki zai tsaya.

Muna kira ga masu gini da su rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikin yarjejeniyar haya, su nemi shaidar horon direba, su kuma ba shi ikon dakatar da zubi ba tare da an zaftare masa kuɗi ba. Sa'a guda ta girke mota ita ce mafi araha a duk aikin.