A Daina Kankare Kwamfuta da Reza

Duk mai gyaran da na ga ya ɗauko reza zai kankare danƙon da ya bushe a kan ƙarfen sanyaya kwamfuta, ba na bar masa na'urata. Aikin wannan ƙarfe, na tagulla ne ko na alminiyam, shi ne ya manne da furosesa sarai, ya kwashe zafi ya miƙa wa fanka. Reza tana barin ƙananan zane, iska ta maƙale a ciki, iska kuwa ba ta isar da zafi da kyau. Sai laftof ta fara huci, tana ɗaukewa da kanta.

Fetur ma ba magani ba ne, yana barin maiƙo, yana lalata roba. Abin da ya dace shi ne sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. A cire batir, a jiƙa ƙyalle mai tsabta, a dafa a kan danƙon har ya yi laushi, a ture shi da tsohon katin ATM. Idan wurin ya bushe, a ɗiga sabon danƙon isar da zafi daidai ƙwayar shinkafa.

Masu gyara, kwalbar isopropyl ba ta kai kuɗin furosesa ba, ku saya. Mai kaya kuma ya tambayi da me za a goge kafin ya miƙa.