Idan wasiyyi ya zama mai saye

A Jega, Aliero da Maiyama, dukiyar mamaci ba kasafai take kwance a banki ba. Rumfa ce a kasuwar Jega, ko gonar albasa a Aliero, ko shanu da gero a rumbu. Irin wannan dukiya tana saurin salwanta a hannun wanda aka ba amana, musamman idan baffan marayu ne da kowa ke jin nauyin tambayarsa. Albasa ba ta jiran a gama takaba. Dole a sayar, kuma akan samu wasiyyin da zai yanka farashi da kansa, sannan ya saye ta hannun yaronsa.

Shari'a ba ta bar magada haka ba. Malaman Malikiyya sun karhanta wa wasiyyi sayen kayan marayun da ke hannunsa, kuma alƙali yana da ikon bincikar cinikin, ya tuɓe shi idan ha'inci ya tabbata. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci a kafa shaidu ranar miƙa wa maraya dukiyarsa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya sa gado da wasiyya cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda ke Birnin Kebbi.

Abin da ke ciwo shi ne, matar mamaci da ta nemi lissafi sai a ce ta raba zumunci. Hakkinta take nema. Hakimai da limamai su tsaya a rubuta kayan gado gaban shaidu tun makon rasuwa, magajin da ya ga ɓaraka kuma ya garzaya kotu kafin a sayar da gona.