Motar Kwana da Daren da Aka Ƙwace wa Mutanen Ruma

Hotunan bidiyo da suka cika wayoyin matasa, waɗanda ke nuna Turawa suna hayar mota mai gado da murhu a cikinta suna ratsa ƙasa, su kwana duk inda rana ta faɗi musu, sun sake tayar da maganar da ta saba biyo bayan kowane sabon abu daga waje, wato wai an bar Arewa a baya, kuma wai da za a sayo irin waɗannan motoci a riƙa ba da su haya da 'yan yawon buɗe ido sun cika Dajin Rugu. Maganar tana ɓata ran duk wanda ya san halin da Batsari da Safana suke ciki, domin ta ɗauka cewa abin da ya hana mutumin Ruma, wato mutumin wannan yanki, kwana a daji don nishaɗi rashin mota ne, alhali kuwa abin da aka raba shi da shi ya fi mota nesa ba kusa ba.

Ita motar kwana, kamar yadda za a iya kiranta, ba sabuwar ƙira ba ce. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, ba a jima ba kamfanin Westfalia ya shiga gyara cikinta yana sa mata gado da teburi da kabad, kuma wannan bas ɗin ce daga baya ta zama motar haya a titunan Legas. A ta zamani kujerar baya takan miƙe ta zama gado, rufin yakan ɗaga sama har mutum ya tsaya da ƙafafunsa, ga tukunyar gas da tankin ruwa da ƙaramin firji, ga faranti mai zuƙar hasken rana a bisa rufi. A ƙasashe irin su Niyu Zilan da Ostireliya da Namibiya baƙo yakan sauka daga jirgi ya biya kuɗin hayar kwanakin da yake so, ya ajiye kuɗin jingina saboda ɓarna, ya sa hannu a takardar inshora, a miƙa masa makulli da taswirar wuraren da aka keɓe don yada zango. Niyu Zilan har doka ta kafa a 2011 a kan inda aka yarda a tsaya a kwana da inda aka hana. Duk wannan ciniki ya ginu ne a kan abu guda wanda ba ya cikin motar, shi ne yaƙinin cewa mutum zai rufe ido a gefen hanya ya farka da ransa da kayansa, kuma in ba don wannan yaƙini ba babu kamfanin da zai miƙa wa baƙo makulli.

Kwanan hanya kuwa ba darasi ba ne da Bahaushe zai je koyo a wurin wani. A ƙarnonin da suka shige fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja, a arewacin Gana ta yau, da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro bayan watanni, kuma kowane dare na wannan tafiya a zango ake yin sa. Zango shi ne masaukin ayari, galibi a bayan gari ko kusa da ruwa, kuma saukarsa tana da tsari kamar na gari: madugu, wato shugaban ayari, shi ke yanke inda za a tsaya, shi ke daidaitawa da masu ƙasa a kan kuɗin fito, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana taimaka wa madugu. Da an sauka sai a sauke wa jakuna kaya a jera su wuri guda, a sari ƙirare da ciyawa a kafa bukkoki, mata su ɗora girki, a raba masu gadi kafin kowa ya kwanta. Tsarin ya kafu har ya bar suna a taswira, daga Zangon Daura zuwa Zangon Katab, har zuwa unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara waɗanda ake kira Zango har gobe. Su ma fataken sun san cewa zango ba ya yiwuwa sai da aminci, shi ya sa suke sauya hanya idan suka ji ƙishin-ƙishin yaƙi, kuma shi ya sa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya bar Katsina a 1853 ya bi ta Zakka zuwa Zurmi, ya ratsa dajin yamma cikin gaggawa da fargaba, domin a lokacin ƙasar Ruma fagen fama ce tsakanin Katsina da Maraɗi, zamanin da ya haifar da mayaƙa irin su Ɗanwaire.

Bayan da ƙurar wancan zamani ta lafa, dajin ya koma wurin zama da neman abinci, kuma dattawan da ke raye yau sun ga hakan da idonsu. Da kaka, idan an girbe gero an ɗaure dammuna, magidanci yakan kafa bukkar kara a tsakiyar gona ya kwana tare da samarin gidansa don tsare amfani daga dabbobi. A hura wuta, a tura ɗanyar gyaɗa cikin toka, a shimfiɗa buzu ko tabarma a kan kunya, yara su koyi sunayen taurari da kukan tsuntsayen dare daga bakin iyayensu ba daga littafi ba. Da rani Fulani kan kafa mashekari, wato masaukin wucin gadi da makiyayi ke yi inda ya sami ruwa da harawa, sau da yawa a gonar manomin da ya gayyace shi don taki, har ya ba shi dawa tukuici. Mafarauta kan shiga Rugu su kwana biyu ko uku da karnukansu da gorar ruwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kira abin da yake yi yawon shaƙatawa, amma dukansu sun mallaki abin da Bature ke biyan kuɗin haya don ya ɗanɗana na mako guda.

Rushewar wannan zama ba ta rasa nasaba da batun makiyaya da burtali, batun da ba za a gaji da nanatawa ba. A farkon shekarun 1960 aka ware Ruma da Kukar Jangarai a matsayin makiyaya, aka haƙa madatsun ruwa da taimakon Amurka, Jihar Arewa kuma ta kafa dokar makiyayu a 1965. Daga baya madatsun suka cike da yashi babu mai yashewa, aka yi ta yanka makiyayar ana raba wa masu hannu da shuni gonaki, burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, ya yi ta tsukewa har ya ɓace a wurare da dama, masu saran itacen gawayi suka bi sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗanda suka tsaga wannan bango da sa hannunsu a ofis ba su taɓa amsa tambaya ba.

Sakamakon ba ya bukatar dogon bayani. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su cikin daji da ƙafa. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, Batsari da Safana na ciki. A waɗannan shekaru mutanen Ruma sun yi kwanan daji fiye da kowane lokaci a rayuwarsu, amma irin wanda ake yi a guje: uwa ta goya ɗaya ta ja biyu ta shige cikin dawa ta kwanta a ƙasa mai laima tana toshe bakin jariri kada ya yi kuka, wasu kuma da la'asar su naɗe tabarmi su taka zuwa cikin gari su kwana a barandar makaranta, da asuba su koma su ga abin da aka bar musu. Wanda ya san haka kuma ya buɗe baki ya ce abin da Rugu ke jira shi ne motar haya mai gado, bai yi wa waɗannan mata adalci ba, kuma ya kamata ya ji kunya.

Motocin da ake sha'awa ma sun taɓa zuwa wannan yanki da kansu, ba tare da kowa ya roƙe su ba. A shekarun 1970 da 1980 Turawa kan ratso Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka Kano da tantunansu a ɗaure bisa rufi, tseren motoci na Faris zuwa Dakar wanda aka fara a ƙarshen 1978 shi ma ya sha bi ta Nijar. Da tsaro ya taɓarɓare a hamada sai suka ɗauke ƙafa, tseren kansa aka soke na 2008 aka mayar da shi Kudancin Amurka. Masu cewa yawon buɗe ido yana samar da aiki ba su yi ƙarya ba, haka nan masu cewa rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023 da sulhun da wasu ƙananan hukumomi suka ƙulla a 2025 sun kawo sauƙi, sai dai an ga sulhu a 2016 an ga wani a 2019, kuma kowa ya san yadda suka ƙare.

Abin da ya wajaba a kan shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin shi ne su fito su faɗa wa jama'a ƙauyuka nawa ne har yanzu suke kufai, gonaki nawa ne na bakin daji aka noma a daminar bana, da kuma ko manomin Wagini ko na Runka zai iya kwana kusa da damminsa da kakar nan ba tare da ya biya wani mai bindiga kuɗin izini ba.