Kafin ka miƙa ɗanka ga mai koyar da faɗa, je ka zauna ka kalla

Duk mai yaro ɗan shekara goma zuwa goma sha biyar a Kornaka da ƙauyukanta ya san abin da wayar hannu ta jawo mana. Yara sun ƙoshi da finafinan Sin, sun ƙoshi da bidiyon dambe da ake turowa daga Kano da Katsina ta WhatsApp, yanzu kowa so yake ya iya "karate". A bakinsu duk faɗan da ake tsalle ana kai ƙafa sunansa karate. Iyaye kuma sun kasu gida biyu. Wasu sun hana ƙememe, sun ce koyon fitina ne. Wasu sun ce ba ruwansu, in dai yaro zai bar musu gida su huta. A ganina duka biyun sakaci ne. Wanda aka hana zai je ya koya a ɓoye bayan gari, shi da sa'o'insa, babu babba a wurin. Wanda aka sake zai faɗa hannun duk wanda ya fara kiran kansa metir.

Ni ina goyon bayan a bar yaro ya koya, amma uba ne zai zaɓi malamin, da idonsa, kamar yadda yake zaɓar malamin allo.

Mu fara da abin da muke da shi a gida, don mun cika raina na hannu. Kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yacouba Kantou, shi ya fara ɗaukar takobin. Filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Yau kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokowa goma, su tamanin su kara, ƙasa gaba ɗaya ta koma gindin rediyo da talabijin. Yaron da bai san sunan ministan ilimi ba ya san Issaka Issaka na Doso. Abin da ya sa nake fifita kokowa ga ƙaramin yaro bai tsaya ga al'ada ba. Babu naushi a cikinta, babu shuri a kai. Kamu ne, da ƙafa, da dabarar karkatar da nauyin abokin karawa, kuma a kan yashi ake yi, abin da Allah ya hore mana kyauta. Ba ta buƙatar riga ta musamman ko kuɗin wata. Kusan kowace unguwa akwai dattijon da ya yi tashensa a fagen kokowar kaka, yana zaune a gindin bishiya da iliminsa, babu mai tambayarsa.

Dambe kuwa, a nan nake taka birki. Ina jin daɗin kallonsa kamar kowa, kuma na san matsayinsa: wasan mahauta ne tun asali, da makaɗansa da kirarinsa, har sunan Shago ya zama karin magana ta bakin Ɗan Anace. Amma manufar dambe ita ce a kai hannun da aka naɗe da zare ga kai ko jikin abokin karawa har ya faɗi, shi ya sa ake kiran faɗuwar kisa. Ƙwaƙwalwar yaro tana cikin girma. Duka a kai yana girgiza ta cikin ƙoƙon kai ko da fata ba ta fashe ba, kuma idan aka ƙara wani dukan kafin na farko ya warke, illar ta fi muni. Yaron da ya sha naushi a kai ya dawo yana amai, ko jiri, ko barcin da ba a saba gani ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya, wurin likita za a kai shi a ranar, ba a jira gobe. Malaman lakwal su ma su lura: ɗalibin da ya saba ganewa, kwatsam ya koma mantuwa da ciwon kai, a tambaye shi inda yake zuwa da yamma. Babba in ya ga dama ya shiga dambe da hankalinsa. Ɗan shekara goma sha biyu bai kai ya yanke wa kansa wannan hukunci ba.

Sai wasannin da suka zo daga waje. Karate daga tsibirin Okinawa na Japan ya fito, naushi ne da shuri da tsari na motsi da ake haddacewa. Tekwando na Koriya ne, ƙafa ce jarinsa, kuma a gasa ana sa hular kariya da sulken ƙirji. Judo kuma wani Bajapane ne ya kafa shi a 1882, sunansa Jigoro Kano (babu dangantaka da Kanon Dabo, sunan ne kawai ya zo ɗaya), kuma shi ya fi kama da kokowarmu, kamu ne da kayarwa. Babu wanda zai ce waɗannan wasan banza ne a ƙasar da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ɗauko mata azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi lambar Olamfik ɗaya tak Nijar take da ita, tagullar da Issaka Daboré ya samu a damben zamani a Munich a 1972. 'Yan mata ma ba a bar su baya ba, don Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a tekwando a Tokyo.

Sai dai Alfaga ba a bidiyo ya koya ba. Ya bi hannun malamai shekara da shekaru. Matsalarmu a garuruwa irin Kornaka ita ce ƙungiyoyin da ke da rajista da hukumomin wasannin suna manyan birane, mu kuma abin da ke iso mana sau da yawa shi ne saurayin da ya yi wata shida yana leƙa wani kulob lokacin da ya je ci-rani, ya dawo da baƙin ɗamara da ya saya a kasuwa. Baƙin ɗamara na gaskiya shekaru ake yi kafin a same shi, kuma da takarda yake zuwa. Tambayar mutum wa ya koya masa, a ina, shekara nawa, ba cin fuska ba ne. Mai gaskiya daɗi zai ji, ya shiga ɗaki ya ɗauko maka takardarsa. Wanda ya fusata ya riga ya ba ka amsa.

Amma ko takarda ba ta kai zama ka kalla ba. Je ba tare da ka sanar ba, ka samu wuri ka zauna daga farko har a tashi. Abu na farko da zan duba shi ne ko ana koya wa yara faɗuwa. A judo wannan ne darasin farko: yadda za ka sauka ƙasa, haɓa a ƙirji, ba ka tokare da tafin hannu ba. Yawancin karayar hannu a wurin yara daga tokarewar nan take zuwa, kuma ƙarshen ƙashin yaro, inda yake tsiro, bai gama ƙwari ba. Malamin da ya fara da tsalle da shurin sama a makon farko, masu kallo yake wa aiki. Duba kuma yadda yake haɗa su. In ka ga ya sa ƙaton saurayi ya kara da ƙaramin yaro wai don ya cire masa tsoro, kama hannun ɗanka ku tafi. Haka in yana zagi, ko yana dukan wanda ya yi kuskure, ko yana hana shan ruwa da sunan juriya, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Horon da ya dace da mu na sanyin safiya ne ko bayan la'asar, da tulun ruwa a gefe.

Akwai abin da ba a son faɗa a fili. Wuraren da samari ke taruwa don nuna ƙarfi su ne wuraren da taramol ke shiga da sauƙi, ana ce wa yaro zai hana shi jin zafi da gajiya. Zafin nan kuwa shi ne ke gaya wa jiki ya dakata. Ga kuma masu sayar da maganin tauri da layu, suna karɓe 'yan kuɗin da yaro ya tara. Uban da ya san malamin ɗansa, yana gaisawa da shi a kasuwa, yana da bakin tambayar irin wannan. In kuma 'ya mace ce, a fili za a yi horon, da wata babbar mace a wurin, kuma babu zancen darasi na musamman ita kaɗai.

Ga malaman makaranta, ina ganin ƙofa a buɗe take. Darasin motsa jiki yana cikin jadawali, amma a wurare da yawa ya tsaya ga zagaya fili da ƙwallo ɗaya ga yara sittin. Me zai hana darakta da ƙungiyar iyayen yara su gayyato tsohon ɗan kokowa sau ɗaya a mako, a share fili, a tsince duwatsu da ƙaya, a zuba yashi, a raba yara bisa nauyi, mushe yana tsaye? Sharaɗin shiga shi ne zuwa aji. Wanda ya yi fashin lakwal ba ya shiga fage a makon, wanda ya kai kamun da ya koya kan ƙaninsa ko ɗan ajinsu a dakatar da shi wata guda. Kuɗin da za a kashe bai wuce goron dattijon ba, kuma bayan girbi, lokacin da gari ke cika da kiɗan kokowa, makarantun da ke kusa da juna za su iya haɗa yaransu su kara a gaban iyayensu.