Shisha, Hayaƙin Itace Da Huhunmu

A TikTok, busa hayaƙin shisha ya zama gayu, amma huhu ne ke biyan kuɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke kira COPD, ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. A hankali take shiga: tari mai majina, sai haki, har zuwa masallacin unguwa ya gagara. Taba ce kan gaba, amma hayaƙin itace da gawayi ma na cin iyayenmu mata da ba su taɓa shan sigari ba.

To, maganin asibiti fa? Da yawa na gudun inhela, wai in ka fara ba ka dainawa. Cutar ce ba ta warkewa. Inhela buɗe hanyar iska take yi. Abin tsoron shi ne ƙwayoyi irin su Prednisolone da ake saya a kemis ba takardar likita. Daɗewa ana shan su na raunana ƙashi, ya tayar da sukari da hawan jini.

Ɗan'uwa, ajiye tiyon nan tun yanzu. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, a garzaya asibiti.